Buhun Ƙuri'ar Layin Dogo

Ranar Juma'a da sassafe Idi mai shayi ya zo ɗaukar bencinsa, ya tarar da ƙofar ofishin magoya bayan Dogo United a wangale. Ganguna suna nan, tutoci suna nan, har tsohuwar talabijin ɗin nan da ba ta nuna komai sai yayyafi tana nan. Buhun ƙuri'a ne kaɗai ya yi ɓatan dabo. Kafin ruwan shayin Idi ya tafasa, rabin unguwa ta hallara a bakin layin dogo, kowa da abin da yake faɗa.

Wanda bai san Agege ba zai ce, buhun duwatsu ne ake wa wannan tada jijiyar wuya? To, bari ka ji. Shekara talatin da ɗoriya Hausawan unguwar nan suna bin ƙungiyarsu, ana lallasa ta suna binta, sai bana Allah ya kai ta wasan ƙarshe na babban kofi. Tikitin kasuwa ya ƙare a waya cikin awa guda, tun masu ƙananan wayoyi ba su ji labari ba. Abin da aka aiko wa magoya baya guda talatin ne kacal, su kuwa sun haura ɗari da arba'in.

Suna da al'adarsu tun asali. Duk wanda ya raka ƙungiya wasa goma a waje, sai ya tsinci dutse mai girman goro a layin dogo, a rubuta sunansa da farin fenti, a jefa a buhu. In kujera ta yi ƙaranci, da safe a kai buhun gidan Baba Abdulgani ya tofa masa addu'a, da la'asar a fito da shi bainar jama'a, Baba ya zura hannu ya zaro. Shi ya kafa ƙungiyar magoya bayan, kuma shekara goma sha biyu ke nan da idonsa ya rufe. Wanda ba ya gani ba zai zaɓi suna ba, shi ya sa ba a taɓa yi wa ƙuri'arsa tsegumi ba.

Sai jiya Alhamis. Baba ya zaro dutse talatin, ashirin da bakwai na 'yan gida ne, haifaffun Legas, alhali 'yan ci-rani sun fi rabin buhun. Nan fa Ɗanbaba mai ruwa ya yi tsalle ya dire. Shekara tara yana saɓa babbar ganga a kafaɗa, ba filin da bai sha jifa a cikinsa ba, amma dutsensa bai taɓa fitowa ba ko sau ɗaya. A gaban kowa ya ce wallahi da munafunci a buhun nan, in ya ga dama sai ya banka masa wuta. Don a kashe rigimar, shugaban magoya baya, Oga Kamal, ya ce bayan sallar Juma'a za a zazzage buhun a tabarma, kowa ya ga dutsensa da idonsa.

Yanzu ga buhu ya ɓace, ga sawun takalmin roba a taɓo, ga mutumin da ya yi rantsuwa. Me ya rage? Samarin unguwa ba su tsaya dogon tunani ba. A bakin rijiyar burtsatse suka ritsa Ɗanbaba, suka kifar da kurarsa, suka farke masa jarka huɗu, suka jawo shi yana jini a baki.

* * *

Alu yana kara yana duba kofaton wani bijimi aka zo kiransa. Mutumin ƙasar Sakkwato ne, dogo, siriri, maganarsa ba ta da yawa. Can gida bin sawun shanun sata ne gadonsu, nan Legas kuwa sai ya koma dillancin dabbobi, amma duk abin da ya ɓace a unguwa, daga akuya har injin niƙa, shi ake nema.

Ya tarar da Oga Kamal a ƙofar ofis, waya biyu a hannu, yana ta gumi cikin farar shadda.

"Malam Alu, abeg, ba dogon bincike muke so ba," in ji Kamal. "Ɓarawo yana hannu. Ka tambaye shi inda ya kai buhun kawai. In an sauko Juma'a bai faɗa ba, mu miƙa shi caji ofis."

"An fasa kwaɗon?"

"Ba a fasa ba. Makulli yana ƙarƙashin bulon can kullum. Kuma jiya shi ya ɗauko buhun ya shigo da shi, a gabansa na ɗaga bulon. Shebi ka gane?"

Alu ya wuce shi. Ya dubi gaban ofis, ya ga jama'a sun tattake shi kamar an yi dambe, ya yi tsaki ya zagaya baya. An yi ruwa kafin asuba, ƙasa ta yi laushi, kuma lungun baya ba wanda ya bi shi tukuna. Ga sawun nan raɗau, zuwa da komowa. Takalmin roba ne, gaskiya. Alu ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Takun gajeru ne, a manne da jikin bango, dunduniya ta fi nutsewa.

Ya bi sawun komowa har inda ya rabu da na zuwa, ya nufi bakin babbar kwata ta wajen layin dogo. Nan ya tsaya cak. Katakon da ake tsallakawa yana can gefe, taku huɗu zuwa dama, amma sawun bai nufi katakon ba. Kai tsaye ya tafi inda babu komai, ƙafa ɗaya ta afka cikin kwatar. Ga wurin da gwiwa ta daki siminti, ga shatin tafin hannu biyu a taɓo, sannan ga sawu a jere a gefen kwata, ana jan ƙafa a hankali, har aka iske katakon aka haye.

Ya ɗaga murya ya kira mai shayi. "Idi, katakon nan koyaushe nan yake?"

"A'a. Jiya da magariba na matsar da shi, hayaƙin murhuna yana damun masu wucewa. Ai shekara da shekaru can yake inda ka tsaya."

"Wa ya san ka matsar?"

"Duk mai ido dai ya gani. Ɗanbaba ma shi ya kama min, ya haye da kurarsa a kai sau biyu."

Alu ya sake duban inda katakon yake da. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

* * *

A ɗakin ajiyar ganguna aka kulle Ɗanbaba. Magidanci ne, shekarunsa sun kai talatin da biyar, matarsa da 'ya'yansa huɗu suna wani ƙauye a bayan Gumel. Yana zaune a ƙasa, leɓensa ya kumbura, da ya ga Alu sai hawaye suka zubo masa.

"Kawu, ka san ni. Bakina ne ya fi ƙarfina, amma ban taɓa ɗaukar allurar wani ba."

"Tuɓe takalmin in gani."

Alu ya juya takalmin. Gabansa ya cinye har ya kusa hujewa, dunduniyar kuwa kamar sabuwa. Haka takalmin duk mai tura kura yake. Wanda ya shekara yana tura jarka goma, a kan yatsu yake tafiya, ko ba ya ɗauke da komai.

"Ni ba tikitin ne ya dame ni yanzu ba," in ji Ɗanbaba. "Kawu, gida talatin nake shiga da ruwa, har cikin madafa, matan aure suna nan da kayansu a buɗe. In aka ce min ɓarawo, wace ƙofa za a sake buɗe min? Sana'ar tawa ke nan ta mutu. In labari ya kai gida kuma, da wane ido zan kalli tsohona?"

"Da ka ɗauki buhun jiya, mi ka gani?"

"Ba komai. Sai dai gindinsa a jiƙe yake, sanyi ƙalau. Har na ce, wa ya jiƙa buhun nan ba a yi ruwa ba? Da na ajiye na ga tafina ya yi ja-ja, na goge a wando."

"Da ƙarfi ka faɗa?"

"Ai ka san ni, Kawu, ban iya raɗa ba."

"Wa ke kusa?"

"Oga Kamal. Da Anti Halima 'yar Baba, ta zo tafiya da shi gida."

* * *

Zancen da ke yawo a bakin 'yan ci-rani daban ne. Su a wurinsu Kamal ne ɓarawon. Mutum shida na gidansa sun ci ƙuri'a, kuma an ce an ga wasu masu manyan motoci suna nemansa, wai zai karkatar musu da tikitin. Alu ya ja shi gefe ya faɗa masa haka ba tare da kwana-kwana ba.

Kamal ya yi dariyar takaici, ya zaro ambulan daga aljihu ya baje. Tikiti talatin cif, ba wanda ya yi ƙafa.

"Ka gani? Masu motocin sun zo, na kore su. Ni motocin haya na danfo goma sha ɗaya nake da su a Oshodi, me zan yi da cinikin takarda? Jiya ma a gareji na kwana, direbana ya yi karo, tambayi kowa."

Alu bai ma saurari ƙarshen ba, ƙafarsa yake kallo. Ƙafar Kamal kamar faranti take, ko da man shanu aka shafa mata ba za ta shiga takalmin da ya bar sawun nan ba. Alu ya so a ce shi ne, wallahi ya so. Da Kamal ne, da aikin ya zo da sauƙi.

Ya koma lungu, ya haye katakon, ya bi sawun har inda ƙasa ta ƙare, duwatsun layin dogo suka fara. Dutse ba ya riƙe sawu, amma wanda ya faɗa kwatar Legas ba ya tafiya a ɓoye. Baƙin ruwa ya ɗiɗɗiga daga wandonsa, ɗigo nan, ɗigo can. Alu ya bi ɗigon yana sunkuye, jirgin safe ya zo ya wuce ya ba shi hanya, ya ci gaba. Bayan kamar taku sittin sai ga su.

An watsa su cikin 'yan'uwansu, da nufin dutse ya ɓace cikin dutse. Amma ga farin fenti nan yana ƙyalli a rana, ko yaro ya wuce sai ya gani. Buhun kuma an cusa shi a ƙarƙashin wani tsohon ƙarfe. Alu ya zauna a kan dugadugansa yana tsinta ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu fes suke. Wasu kuwa fentinsu ya rine ya koma ja. Ya ware jajayen gefe guda, ya sa wani ɗan makaranta da ke wucewa ya karanto masa sunayen. Duk 'yan gida ne. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina, sannan ya ɗora a harshe. Tsami-tsami, da ɗan ƙamshin citta.

Zoɓo ne. A duk layin nan kuwa mace ɗaya ce ke da firizar sayar da zoɓo.

* * *

Gidan Baba Abdulgani ba baƙon wuri ba ne ga Alu. Shekara goma sha tara da suka wuce, ya sauka a tashar jirgin Iddo da buhun kaya da sanda, bai san kowa ba, bai iya ko gaisuwar Yarabawa ba. Baba ne ya tsince shi a masallaci, ya ba shi ɗaki a zauren nan shekara uku, ya kai shi kara da hannunsa ya ce wannan ƙanena ne. Shi ya sa yau ƙafarsa ta yi masa nauyi a bakin ƙofa.

Halima Sa'adiya, 'yar Baba, tana tsakar gida tana wanki. Bazawara ce, ita ke riƙe da uban tun rasuwar mahaifiyarta. Da ta gan shi sai ta tura wani wando ƙarƙashin kumfa, amma ta makara. A jikin bango ga takalmin roba an kife shi a kan sanduna biyu yana tsanewa.

"Kawu Alu, sannu da zuwa. A kawo zoɓo mai sanyi?"

"Na sha, Halima. A layin dogo na sha shi."

Ya buɗe hannunsa ya nuna mata jan dutsen. Ta dube shi, ta dubi firizar da ke gurnani a baranda, sai ta zauna daɓas a kan bokiti.

"Leda ɗaya ce ta fashe," ta ce. "Ban lura ba sai da aka gama, na ji Ɗanbaba yana cewa buhu a jiƙe. Na faɗa wa Baba, in aka zazzage gobe kowa zai ga jan. Na ce ya bari in san dabara. Da asuba na farka ba ya ɗaki, ya bar sandarsa a bakin gado."

"Tun yaushe kuke yi?"

"Shekara biyar. Ni nake ware masa na 'yan gida in sa a ƙanƙara tun safe. In lokaci ya yi in juye su a sama. Hannunsa yana jin masu sanyi." Ta kama gefen rigarsa. "Kawu, ubana ne. Ya ce in yi, in ce masa a'a? Shekararsa tamanin da ɗaya. Don Allah, don zaman da ka yi a gidan nan."

"An fasa wa bawan Allah baki, Halima. Kina ji ana dukansa?"

Ta sunkuyar da kai. "Muna ji. Baba ya ce in rufe taga."

* * *

Da aka sauko daga Juma'a jama'a suka cika bakin ofis maƙil, 'yan gida a gefe guda, 'yan ci-rani a gefe guda, kamar ba yanzu suka haɗa sahu ba. Alu ya ce shi ba zai yi magana a titi ba. Aka shiga ciki aka rufe ƙofa: Kamal, da Idi mai shayi, da Ɗanbaba, da Halima Sa'adiya, da Baba Abdulgani a kan kujerarsa ta kullum, ya lulluɓe ƙafafunsa da babbar riga.

Alu ya ajiye buhun a tsakiya. Ƙarar duwatsun ta sa Baba ya ɗan ɗaga kai.

"Ciyaman, ba kai ba ne, ƙafarka ta wanke ka," in ji Alu. "Ɗanbaba kuma a kan yatsu yake tafiya, wanga sawu na mai dunduniya ne. Amma bar wannan duka. Wanda ya ɗauki buhu ya faɗa kwata a inda katako yake da. Idi ya matsar da shi jiya da magariba, Ɗanbaba ya kama masa. Mai ido, ko duhu ya kai mi, zai haska waya ya ga katako. Mutum ɗaya ne ke bin lungun nan da ƙwaƙwalwa, ba da ido ba. Shi ne kuma zai watsa dutse mai fenti cikin duwatsu ya zaci ya ɓace, don a hannu duk ɗaya suke."

Alu ya durƙusa a gaban tsohon, kamar yadda ya saba gaishe shi kowace safiya.

"Baba, ɗaga rigar in ga ƙaurinka."

Baba bai ɗaga ba. Ya yi murmushi mai ɗaci. "Na bar sanda a gida don na san kai za a kira. Ashe katako ne zai ci amanata." Ya ja rigar da kansa. Ƙaurin ya kumbura, an ɗaure shi da tsumma, jini ya ɓullo.

"Inna lillahi," in ji Kamal. "Baba! Kai?"

Alu ya zazzage jajayen duwatsun, ya faɗi zancen firiza a taƙaice. Ɗanbaba ya juya ga tsohon. Ya ce, "Baba, ni fa nake goya ka in haye da kai tsani a filin wasa. Shekara biyar kana jin dutsena a hannunka kana turewa?"

"Ina turewa," in ji Baba, ko gezau. "Kai in damina ta faɗi ina kake tafiya? Gida. Kana da gona, kana da kabarin kakanka. Ni fa? Kakana soja ne, nan aka sallame shi, nan aka binne shi. Na je Kano sau ɗaya, suka ce Hausata ta Bayarabe ce, suna dariya. Nan kuma in rigima ta tashi a ce mu koma garinmu. Wane garin? Ƙungiyar nan ita ce garinmu. Da hannuna na share filin farko, da kwalabe da ƙashin shanu a ciki. Sai ku zo jiya-jiya, mota-mota, ku fi mu yawa a buhu, jikokina su tsaya a waje suna jin ihu ta katanga? Ban yarda ba. Ko yau aka ba ni buhun, haka zan so in yi."

"To da ka faɗa mana tun farko," in ji Ɗanbaba. "Da ka ce buhun na 'yan gida ne, da ban tsinci dutse ba."

Baba ya ja riga ya sake rufe ƙaurinsa.

Kamal ya share gumi, ya leƙa ta hudar katako ya ga taron da ke waje, ya dawo. Nan take shugabancin ya motsa masa.

"Oya, ku saurara. Maganar nan ba za ta fita ɗakin nan ba. In 'yan ci-rani suka ji, yau sai an zubar da jini a layin nan, kuma a ƙwace tikitin gaba ɗaya. Za a wanke duwatsu, a sake ƙuri'a yanzu, ba firiza ba komai. Shi ke nan."

"Sunan Ɗanbaba fa?" in ji Alu. "Shi na zo wankewa, ba duwatsu ba."

"Ka bar min wannan, na san yadda zan yi."

* * *

Ashe yadda zai yi ke nan. Kamal ya hau benci ya ɗaga buhun sama, jama'a suka kaure da sowa.

"Alhamdu lillahi, buhu ya dawo! Malam Alu ya yi aikinsa. Abin da ya faru kuskure ne na ɓacin rai, kuma Babanmu ya ce a rufe maganar. Ba caji ofis, ba kora. An yafe."

Bai ambaci suna ba, shegen wayo. Bai kuwa buƙaci ambata ba, don ido ɗari da wani abu duk sun juya kan mai kumburarren leɓe. Wani ya ce Allah ya ƙara wa Baba haƙuri. Wata mata daga baya ta ce ita dai a bakin ƙofa zai riƙa ajiye mata ruwa daga yau.

Jinin Alu ya tafasa. Ya manta da ɗakin zaure, ya manta da shekara goma sha tara, ya sa ƙafa zai hau bencin. Sai ya ji an riƙe masa hannu gam.

"Kawu, bari," in ji Ɗanbaba a hankali. Yau ga shi ya iya raɗa.

"Sake ni! Ɓarawo fa suke ce maka."

"Na ji. Gidajen da nake kai wa ruwa na su wa ne? Duk na 'yan gida ne, rabinsu jikokinsa ne da surukansa. In aka ce ɓarawo ne ni, za su karɓi ruwana a bakin ƙofa. In aka ce na tona wa Baba asiri, ko a bakin ƙofar ba za su karɓa ba. 'Ya'yana huɗu, Kawu."

Alu ya dube shi. Tun yana yaro yake bin sawu, bai taɓa kamo gaskiya ta zame masa abin kunya ba sai yau. Ya sauke ƙafarsa daga bencin.

Aka fito da Baba a kan kujerarsa, riga ta rufe ƙaurin. Sai wani dattijo daga cikin 'yan gida ya ce, ai wanda aka yafe wa ya kamata ya yi godiya, haka tarbiyya take. Jama'a suka ce ƙwarai kuwa. Aka buɗa hanya.

Ɗanbaba ya taka a hankali, ya cire hularsa, ya durƙusa a cikin taɓo.

"Na gode, Baba."

Hannun tsohon ya lalubo kansa ya dafa. Halima Sa'adiya ta juya fuska ga bango.

"Allah ya shirye ka, yaro," in ji Baba Abdulgani.

Jama'a suka amsa da amin, har da 'yan ci-ranin. Alu ne kaɗai bai amsa ba, kuma ba wanda ya lura.